An Ba Ni Lambun Haya a Ingila, Na Tarar da Shi Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, musamman daga ƙarshen Satumba, sai wani daga cikin 'yan uwanmu mazauna Birtaniya ya aiko mini da hoto. Hotunan kusan iri ɗaya ne: ciyawa har ƙugu, ƙaya ta haɗiye wata 'yar bukkar katako, ga tsohon baho cike da koren ruwa a gefe. Ƙarƙashin hoton kuma tambaya ɗaya: "Malam, ta ina zan fara?" Ni ma haka na karɓi nawa, kuma na san yadda gaban mutum ke faɗuwa idan ya tsaya a bakin fili irin wannan da makulli a hannu. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su a wuri ɗaya.

Wai mene ne wannan lambun hayar, kuma wa ke da shi?

Turawan Ingila suna kiransa alotmen. Fili ne da ake yankawa gunduwa-gunduwa a cikin gari ko a gefensa, a ba mutane haya don su noma abin da za su ci da iyalinsu. Ya yi kama da gayauna ko garka a wajenmu, sai dai nan akwai takardar yarjejeniya da dokoki. Yawanci ƙaramar hukuma ce ke da filin, wani lokaci coci ko wata gidauniya, kuma a wurare da dama kwamitin masu lambun ne ke tafiyar da harkokin yau da kullum.

Abin yana da tushe a doka. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila da Wales nauyin samar da irin waɗannan filaye idan akwai buƙata, har ta ce idan mutum 6 masu rajistar zaɓe suka rubuta suna nema, dole hukuma ta duba. Ƙananan hukumomin tsakiyar Landan ne aka cire daga wannan nauyi, Sikotilan kuma tana da tata dokar ta 2015. Cikakken lambu ɗaya kimanin murabba'in mita 250 ne, amma yanzu an fi ba sabon shiga rabi, wato 125. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnati ta yi yekuwar kowa ya noma abincinsa daga 1939, lambunan sun haura miliyan ɗaya. Yau ba su kai kusa da haka ba. Wanda ke son ganin tsufan al'adar ya je lambunan St Ann's a Notingam, waɗanda ake nomawa a haka tun shekarun 1830. Bamingam ita kaɗai tana da filaye sama da 100.

Yaya ake samu, kuma nawa ake biya?

Ka shiga shafin ƙaramar hukumarku ka sa sunanka a layi. Wani wurin watanni ne, wasu unguwannin Landan kuwa an san ana haura shekara 10 ana jira. Kuɗin haya ya bambanta ƙwarai, daga 'yan fam gommai a shekara zuwa sama da fam 100, kuma sau da yawa akan rage wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Idan an yarda, sa suna a fili fiye da ɗaya. Kuma ka je da ƙafarka ka gaisa da sakataren kwamiti, don shi ya san wanda ke shirin ajiye nasa.

Na jira shekara uku, sai kuma a ba ni kurmi? Ba a cuce ni ba?

Ba a cuce ka ba, kusan kowa haka yake karɓa. Dalilin shi ne, ba kasafai mutum ke sakin lambu yana cikin ƙarfinsa ba. Tsufa ne ko ciwo ko ƙaura, sai ya yi ta cewa zai dawo, a yi ta aika masa takardar gargaɗi, kafin a kai ga karɓewa an yi damina biyu ko uku. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka ɗauki hotuna ranar da ka karɓa, ka tambaya ko za su sauƙaƙa hayar shekarar farko, ko za su kwashe tarkacen da aka bari. Wasu suna yi, amma sai wanda ya tambaya.

Kuma ka duba abin ta wata fuska. Manomi ya san saura: gonar da ta huta ta fi wadda aka tatse. Inda ka ga ganyen nan mai harbi da ake kira netil ya yi tsayi ya yi duhu, ƙasar wurin tana da ƙarfi.

Ranar farko me zan yi?

Kada ka sari komai. Ka sa takalmi mai kauri da safar hannu, ka zaga da sanda kana bubbuga ciyawa. Kana neman abu uku. Na farko, abin da zai ji maka ciwo: fasasshen gilas, ƙusa, waya, rami, tsohuwar jarkar magani da ba rubutu a jikinta. Idan ka ga kwanon rufi mai kama da siminti, toka-toka, mai ƙwarya-ƙwarya, kada ka fasa shi, kada ka share shi, domin yana iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. An haramta shi a Birtaniya tun 1999 amma yana nan birjik a tsofaffin bukkoki. Ka sanar da hukuma. Ka kuma tabbatar rigakafinka na ciwon sanƙarar haƙora, wato tetanus, bai tsufa ba.

Na biyu, abin da mai lambun da ya gabata ya bar maka na alheri. A ƙarƙashin ƙayar nan sau da yawa akwai itacen tuffa, ko 'ya'yan itatuwan nan ƙanana masu tsami, ko rubab, wani tsiro mai jan kara mai tsami da ake dafawa, ko tsohon tarin taki da ya riga ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa. Ni a nawa sai da Afrilu ta shigo na gane cewa ƙirare biyu da na yi niyyar sarewa itatuwan fulam ne, masu 'ya'ya masu zaƙi da ƙwallo ɗaya a ciki, kuma har yau muna shan 'ya'yansu. Ban taɓa ganin mutumin da ya dasa su ba, amma duk kaka ina tuna shi da alheri.

Na uku, ka karanci filin. Ina rana ke fitowa, ina inuwa ke faɗawa, ina ruwa ke kwanciya bayan an yi sama, ina famfo yake. Ka damƙi ƙasa mai laima a hannu: in ta dunƙule tana sheƙi laka ce, in ta wargaje jigawa ce.

A gida sassabe muke yi mu cinna wuta. Me zai hana in yi haka nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, don a nan ne ilimin da muka taso da shi yake buƙatar gyara. A ƙasar Hausa rani ne ke yi mana rabin aiki. Wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa, ciyawa ta bushe ƙurmus, dabbobi su cinye, wuta ta ƙarasa sauran. Kafin ruwan shuka ya sauka gona ta yi fes. A Ingila babu wannan ranin. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara kimanin milimita 600 ne, bai ma kai na Zariya ba, amma yana zuwa ne kaɗan-kaɗan cikin wata goma sha biyu, ga ƙarancin zafin da zai busar da ƙasa. Saboda haka ciyawar nan ba ta mutuwa, kwanciya take yi. Ranta yana cikin saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Ka ƙone sama, ka ba ta toka ta ci, bayan mako uku ta dawo ta fi da kyau.

Ga kuma doka. Filaye da yawa sun hana kunna wuta sam, wasu sun ƙayyade watanni da sa'o'i. Hayaƙi ya shiga gidajen maƙwabta, takardar gargaɗi ce za ta biyo baya. Sannan akwai masu rai a cikin tarin: bushiya tana kwanan sanyi a ƙarƙashin ƙirare, tsuntsaye suna sheƙa a cikin ƙaya daga Maris zuwa Agusta, kuma Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita. Don haka babban saran ƙaya aikin kaka ne da hunturu.

Wani abu da nake roƙon 'yan uwa a kai: idan ka ɗaga leda ko katako ka ga wani abu mai santsi, ruwan tagulla, kamar ƙaramin maciji, kada hannunka ya kai ga sanda kamar yadda muka saba. Galibi ƙadangare ne marar ƙafa, ba ya da dafi, abincinsa ƙwarin da ke cinye maka ganye. Dokar nan ta 1981 ta hana kashe shi, ta hana kashe macizan ƙasar ma.

To waɗanne ciyayi ne abokan gaba na gaske?

Masu fitowa daga iri duk shekara ba su da wuya, fartanya ta ishe su. Masu saiwa ne matsala, kuma kowace da halinta.

Akwai wadda nake kira ƙiri-ƙirin Turai, don halinsu ɗaya da ƙiri-ƙirinmu: fararen saiwoyi kamar taliya suna gudu a ƙarƙashin ƙasa, kowane guntu ya zama sabuwar uwa. Sauƙinta shi ne ba ta nitsewa sosai, yawanci cikin taki ɗaya na sama take, don haka mai haƙuri zai iya tsince ta. Akwai mai yaɗo kamar yaryaɗi, mai farin fure kamar bakin kakaki, tana naɗe duk abin da ta samu ta shaƙe shi. Saiwarta tana da gautsi, da ka ja sai ta karye ta bar rabi a ciki. Wannan ba a gama da ita a shekara ɗaya, tsinka ake yi duk lokacin da ta leƙo har ta gaji. Akwai ƙayar bilakberi, wadda ta fi kowa ban tsoro a ido amma ta fi sauƙin magani: ka sare rassan guntu-guntu da almakashin lambu, ka bar kamar kamu ɗaya don ka samu abin riƙewa, sannan ka tone kututturen gindin. Da kututturen ya fita an gama mafi yawan aiki. Akwai dok mai faɗin ganye da doguwar saiwa kamar karas, ana tono ta ne gaba ɗaya.

Sai wadda Turawa ke kira wutsiyar doki, mai kama da ƙaramin itacen kirsimeti. Saiwarta baƙa ce, tana iya nitsewa mita 2, kuma danginta sun girmi yawancin tsirran da ke duniya yau. Gaskiyar magana, ba a kawar da ita, zama ake yi da ita. Ba ta da inuwa mai yawa, don haka idan kana tsinke ta a kai a kai amfanin gona zai yi duk da tana nan.

Ta ƙarshe daban take: notwid ɗin Japan, mai kara kamar gora da ɗigo-ɗigon ja da ganye mai siffar zuciya. In ka gan ta kada ka tona, kada ka kai ta juji, kada ka sa ta a taki. Laifi ne a doka mutum ya sa ta yaɗu a daji, kuma zubar da ita yana da ƙa'ida. Ka kira hukuma kawai.

Wani ya ce in yi hayar ƙaramin injin kaftu in gama a yini ɗaya.

Kada ka yi. Injin zai daddatsa saiwar nan ɗaya ta zama ɗari, ya baza su ko'ina, ya shuka maka su da kyau. Mako biyu filin zai yi kyan gani, wata biyu kuma ya fi yadda ka same shi muni. Injin yana da amfani bayan ƙasa ta tsarkaka, ba kafin nan ba.

In ba wuta, ba inji, me ya rage?

Duhu da haƙuri. Tsiro ba ya rayuwa ba haske, komai ƙarfin saiwarsa. Ga yadda nake ba kowa shawara.

Ka yanke ciyawar ƙasa-ƙasa da lauje ko injin yanka mai igiya. Ka raba filin a zuciyarka gida huɗu. Uku ka rufe su ruf, da baƙar leda mai kauri ko kwali, ka danne da bulo ko katako, don iskar hunturu a nan tana ɗauke leda ta kai ta lambun wani. In kwali ne, ka cire salatif da ƙusoshin jikinsa, ka ɗora baki kan baki da kamar santimita 15 don kada haske ya samu kafa, ka jiƙa shi. Shagunan kekuna da na firji sukan bayar da manyan kwalaye kyauta in ka tambaya. Tsohuwar darduma ta gida kuwa, wadda a da mutane suka saba shimfiɗawa, ka guje ta: filaye da yawa sun hana, zarenta na roba ba ya ruɓewa, ciyawa ta huda ta ta ɗinke ta da ƙasa. Cire irin wannan dardumar da aka bari shekaru na daga cikin ayyukan da suka fi ba ni wuya.

Rufin yana buƙatar wata 6 zuwa shekara, kuma ya haɗa da lokacin da ciyawa ke girma, wato Afrilu zuwa Satumba. Rufin hunturu kaɗai ba ya kashe mai saiwa, don dama barci take yi. Mai yaɗon nan tana iya wuce shekara.

Kashi ɗayan da ya rage shi ne gonarka ta bana. Ka yi masa fangali-fangali, faɗin kowane kada ya wuce mita 1.2 don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Ka yi amfani da cebur mai yatsu, ba mai baki ba, don mai baki yanka saiwa yake yi. Ka ɗaga ƙasa, ka girgiza, ka tsince farin zaren nan da hannu. Fangali ɗaya a zuwa ɗaya ya isa. Da ka gama shi ka shuka wani abu a ciki, ko ka rufe shi, kada ka bar ƙasa tsirara. Na ga mutane da yawa, majiya ƙarfi, sun yi kaftun fili gaba ɗaya cikin mako biyu, bayansu ya riƙe, suka huta wata ɗaya, suka dawo suka tarar da kore shar, gwiwarsu ta yi sanyi suka mayar da makulli. Ba ƙarfi ne ya gaza musu ba, buɗe ƙasar da ba za su iya tsarewa ba suka yi.

Saiwoyin da ka tsince kada su shiga tarin taki. Ka nutsar da su a durom na ruwa makonni da yawa har su ruɓe, ko ka shanya su kan waya har su bushe ƙayau.

Maganin feshi fa?

Ka fara duba dokar filinku, wasu sun hana. Gilaifoset shi ne wanda aka fi sani, yana bin ganye ya sauka saiwa, don haka sai ciyawa tana kore tana girma yake aiki. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, wasu hukumomin kuma suka ce ba haka ba, har yau ana ja. Ni ba na amfani da shi. Na karɓi lambu ne don in san abin da ya shiga tukunyar iyalina. Wanda ya zaɓi yin feshi ya bi umarnin jikin kwalba, ya guji ranar iska, don maganin da ya faɗa kan tumatirin maƙwabci yana ɓata zumuncin shekaru.

Na ji ana maganar noma ba kaftu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma yana aiki. Charles Dowding, wani manomin lambu a yankin Somerset, shi ya fi yaɗa shi. Ana shimfiɗa kwali kan ciyawar da aka yanke, a zuba ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a kai, a shuka a ciki kai tsaye. Tana da sauran halittun ƙasa su yi kaftun. Matsalarsa kuɗi ne da ɗauka. Yi lissafi: fangali mai mita 1.2 da mita 3, a kaurin santimita 10, yana cin lita 360. Cikakken lambu kuwa zai ci lita 25,000, lodin mota ke nan ba ɗaya ba. Don haka ka gwada a fangali biyu. Kuma ko da wannan hanyar sai ka tone kututturen ƙaya da dok tukuna.

Ana ba da takin doki kyauta kusa da mu. In kwasa?

Ka kwasa, amma ka gwada shi kafin ka baza. A 2008 masu lambu da yawa a Birtaniya sun yi asarar dankali da wake da tumatir saboda wani maganin ciyawa mai suna aminopiralid da ake fesawa a makiyaya. Doki ya ci ciyawar, maganin ya fito cikin kashinsa bai mutu ba. Har yanzu abin yakan faru. Gwajin ba wuya: ka cakuɗa takin da ƙasa a tukwane biyu ko uku, ka shuka wake, ka shuka wani a ƙasa zalla. Bayan kamar mako uku, in ganyen na cikin taki ya nannaɗe ya ƙanƙance, ka bar wannan takin. Ɗanyen taki kuma a tara shi ya kwana wata shida ko fiye.

Me zan shuka a shekarar farko, kuma yaushe?

A gida ruwa muke jira, nan kuwa sanyi ake jira ya wuce. Raɓar ƙanƙara tana iya sauka har tsakiya ko ƙarshen Mayu a yawancin Ingila, a arewa har farkon Yuni, kuma dare ɗaya ya isa ta ƙone tumatir da kabewa. Rana mai daɗi a Afrilu tana ruɗin sabon shiga.

In ka karɓa da kaka, tafarnuwa ita ce abokiyar farawa: a binne ta Oktoba ko Nuwamba, tana son sanyin, a cire Yuni ko Yuli. Haka 'ya'yan albasa na kaka da babban waken nan mai faɗi. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu sai dankalin Turawa. Tsofaffin masu lambu suna cewa dankali yana share gona, kuma da gaskiyarsu, sai dai kai ne mai sharar: ka tona ka shuka, ka yi masa huɗa, ka tona ka cire, ganyensa kuma ya rufe ƙasa. Ƙarshen Mayu sai kabewa, wadda za ka iya huda ledar da ka rufe fili da ita ka dasa a ramin, ta yaɗu a kai. Ka ga ɓangaren da ke rufe ma ya ba ka abinci. Karas da sauran masu ƙananan iri ka bar su sai ƙasa ta tsarkaka.

Kayan miyanmu na gida za su yi?

Wasu za su yi har su ba ka mamaki. Alayyafo ne sarkinsu. Ka shuka shi ƙarshen Mayu ko Yuni, ka yi ta yanka har Satumba. Ba mu kaɗai ke nomansa ba: mutanen Jamaika suna kiransa kalalu, mutanen Bangaladash suna da jan irinsa, kuma sun shekara da shekaru suna zaɓen irin da ya saba da yanayin nan. Irin da za ka samu a hannun maƙwabcinka ɗan Jamaika ya fi wanda za a kawo maka daga nesa, don ya riga ya san ƙasar. Kabewa tana yi, masara mai zaƙi tana yi, albasa da tafarnuwa ba magana.

Attaruhu da tattasai da tumatir da gauta suna son rufi, ɗakin gilas ko rumfar leda, kuma sai ka nemi izinin kafa su. Attaruhu yana da nawa, don haka ana shuka shi cikin gida tun Janairu ko Fabrairu a wuri mai ɗumi, a fitar da shi rumfa ƙarshen Mayu. Kuɓewa ma sai rumfa, kuma kada ka sa ran cika kwando. Yakuwa da rama da lalo za su ba ka ganye a cikin rumfa, amma yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, kuma a nan kafin yini ya gajarta sanyi ya shigo, don haka zoɓo sai dai a saya. Gero da dawa ma tsawon yini da ƙarancin zafi suna rikita su. Zogale yakan yi a tukunya da rani, amma ƙanƙara tana kashe shi in an bar shi waje.

Ranar da na fara kai alayyafon hannuna gida aka yi miyar taushe da kabewar lambun, yaran da aka haifa a nan suka ga cewa miya daga ƙasa take fitowa ba daga leda ba. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar shekarar.

In sa a taho mini da iri daga gida?

Akwai dokoki kan shigo da tsiro da iri Birtaniya, kuma galibi ana neman takardar shaidar lafiyar tsiro. Ka duba shafin gwamnati kafin ka ɗora wa matafiyi. Albasa da tafarnuwar kasuwa ma kada ka dasa su, don akwai ciwon ruɓar gindin albasa da in ya shiga ƙasa yakan zauna shekara 15 ko fiye.

Na shuka, da safe na tarar an cinye. Wane ne?

In ka ga sawu mai sheƙi kamar majina, dodon koɗi ne da ɗan uwansa marar ƙoƙo. Su ne babbar annobar lambun Ingila, kuma filin da ya daɗe a rufe da ciyawa matattararsu ne. Ka rena tsiro a tukunya ya yi ƙwari kafin ka dasa, ka riƙa ɗaga katako da leda kana tsince su. Ƙwayar maganinsu mai metaldihaid an haramta ta tun 1 ga Afrilu 2022 saboda tana kashe tsuntsaye da bushiya, in ka tsinci tsohon gwangwaninta a bukka kada ka yi amfani da shi. Mai sinadarin ƙarfe ita aka yarda da ita. In kuwa ganyen kabeji ne aka yayyage aka bar jijiya, manyan kurciyoyin daji ne, maganinsu raga tun ranar dashe.

Za a iya ƙwace lambun in ban gyara da wuri ba?

Za a iya. Dokar 1908 ta ba hukuma damar ba da wa'adin wata ɗaya idan haya ta yi kwana 40 ba a biya ba, ko kuma bayan wata uku da karɓa aka ga mutum ba ya bin ƙa'ida. Yarjejeniyoyi da yawa suna faɗin kason da ake so a ga an noma a watannin farko da kuma ƙarshen shekara, ka karanta taka da kyau. Masu dubawa dai ci gaba suke nema. Fili a rufe da tsabta, hanya a yanke, fangali uku da shuka, ya nuna akwai mai shi. In ciwo ya same ka, ko za ka tafi gida ko aikin Hajji na makonni, ka sanar da kwamiti tun kafin ka tafi, ka roƙi maƙwabci ya riƙa leƙawa.

Zuwa sau uku a mako na sa'a ɗaya ya fi yini guda cur sau ɗaya a wata. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, don haka tsakanin la'asar da magariba akwai lokaci mai yawa ga wanda ya taso daga aiki.

Zan iya kiwon kaji, ko in sayar da abin da na noma?

Dokar 1950 ta ba mai lambu damar ajiye kaji mata da zomaye, ba don kasuwanci ba, muddin ba su dami kowa ba. Zakara ba ya ciki. Ka tambayi kwamiti, ka yi rajistar kajin da gwamnati, ka kuma tuna sai ka je kullum har da hunturu, ga yanyawar gari tana yawo. Sayarwa kuwa, lambun don cin gida aka ba ka. Rarar a yi kyauta da ita.

An ba ni makulli a Nuwamba, ga duhu ga ruwa. In jira sai Maris?

A'a, lokacin ya yi maka daidai. Yanzu ne ƙaya ta zubar da ganye kana ganin gindinta, tsuntsaye sun bar sheƙa, ciyawa ta kwanta ba ta tsere maka. Ka sare ƙaya, ka kwashe tarkace, ka rufe abin da za ka rufe, ka haɗa akwatin taki da katakon lodi guda huɗu. In akwai bukka ka sa mata indararo da durom: rufi mai murabba'in mita 4 a wurin da ake samun milimita 600 zai tara maka kusan lita 2,400 a shekara, kuma za ka gode masa in aka yi fari irin na 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila aka hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama. Abu ɗaya za ka kiyaye: in ƙasa laka ce kuma tana manne wa takalmi, kada ka tona ta, kada ka taka ta, don za ta daskare kamar bulo. Ka shimfiɗa katako ka bi ta kai, ka samu busasshen gefe ka gyara fangali ɗaya, ka binne tafarnuwarka kafin Disamba ta shigo.